Tankin ƙari yana wari kuma yana ƙin shan mai: ga amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na gyaran mota. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato ƙarin tankin da direbobinmu ke sa wa motoci. Kuma ba abin mamaki bane, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai farashi ya daina zama ɗaya, a nan Legas ga depo-depo a Apapa ga matatar Dangote a Lekki, yawanci lita ta fi sauƙi a nan kan yadda zaka same ta idan ka haye Jebba, toh kowa so yake ya ɗura a nan ya miƙa arewa. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa.

TAMBAYA: Salam Oga, ni direban Hiace ne hummer, ina lodi daga Agege zuwa Kano. Na sa an ƙera min ƙarin tanki lita 90 a ƙasa wajen da safaya take, toh matsalar duk sanda naje shan mai sai kan famfon ya dinga katsewa kas kas ko lita biyar bata shiga ba, wani lokacin ma man ya yo amai ya wanke min gefen mota, yaran gidan mai har sun gane ni da sun hango ni sai su ce in koma gefe in jira. Wani abokina yace injinsu ne aka yi wa wayo. Dan Allah ya abin yake? Daga wani direba a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Ka wanke yaran nan daga zargi, in dai tankinka na asali mai lita 70 yana sha lafiya lau a wannan famfon, kaga kenan ba daga wajensu bane. Tankinka ne baya numfashi.

Ka lura da mai shayi idan zai fasa gwangwanin madara, huda biyu yake yi, ɗaya madara ta fito ɗaya iska ta shiga, in ya yi ɗaya sai ta dinga fitowa da ƙyar tana shaƙewa. Toh haka tanki yake, sai dai shi a juye, mai na shiga dole iskar da ke ciki ta samu hanyar fita. Famfon gidan mai na zuba kusan lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya, iska ma daidai wannan yawan ya kamata ta fita, in bata samu hanya ba sai ta biyo ta wuyan da man ke sauka ta turo shi sama. Shi kuma kan famfon nan akwai wata 'yar huda a bakinsa, da zarar mai ya rufe ta sai ya ɗauka tanki ya cika ya katse da kansa. Wannan shi ne kas ɗin da kake ji, aikinsa yake yi yadda aka tsara shi.

Abin da zaka sa a duba shi ne tiyon birida, wato tiyon fitar iska, wanda ke tasowa daga saman tanki ya hau ya haɗu da wuya kusa da murfi. Da yawan masu walda ko dai basa sa shi kwata-kwata, ko su sa siriri irin na kafireto wanda bai wuce kaurin biro ba, alhali na ɗura mai yana son faɗin ciki kamar milimita 16 ko fiye. In kuma akwai shi kuma kaurinsa ya isa, toh ka kwanta ƙarƙashin motar ka bi shi da ido daga tanki har wuya, dole ya zama hawa yake tun daga farko har ƙarshe. In ya yi ciki a tsakiya, wato ya sauko sannan ya sake hawa, mai zai taru a wannan lanƙwasar ya toshe hanyar iska, kuma wallahi wannan ita ce matsalar da na fi gani, wani sa'in kilif guda ɗaya da zai ɗaga tiyon shi ne duk maganin. Ka duba kuma ko shasi ya matse shi ko ya karye a kwana.

Sai wajen da aka fasa masa a jikin tanki. Ya kamata ya zama a wuri mafi tudu, in tankin ya karkata aka sa birida a ɓangaren da ya yi ƙasa, mai zai rufe bakinsa tun tankin bai cika ba, sai ka biya kuɗin tankin lita 90 kana ɗaukar 70. Shi ma babban tiyon wuyan a duba shi, in kwance yake babu gangara mai ba zai yi gudu ba komai kyan birida. Kafin ka samu lokacin gyara ka ce yaron ya kama famfon a matakin farko, ya ɗan janyo shi waje kaɗan ko ya juya shi gefe, yana rage katsewar, amma dabarar wucin gadi ce.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Mile 12, ina da bas da direba ke ja min, shi ya kawo shawarar ƙarin tanki na yarda. Tun daga nan warin fetur ya ƙi barin motar, fasinja na ƙorafi, shi kansa direban yace kansa na ciwo in ya yi nisa. Mun kai wajen bakanike ya leƙa yace babu inda yake ɗiga, wai warin sabon tanki ne zai daina. Yau wata na uku kenan. In ci gaba da haƙuri?

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara kasuwa, amma kar ki yi haƙuri da wannan, ki sa a ajiye motar yau ɗin nan. Babu wani abu wai shi warin sabon tanki. Ƙarfe baya warin fetur, in kin ji wari toh fetur ne ke fita, ko ruwansa ko tururinsa. Kuma rashin ganin ɗiga a ƙasa ba hujja bace, shi fetur yana bushewa tun kafin ya kai ƙasa balle a zafin Legas.

Ki tambayi direban yaushe warin ya fi tashi, amsarsa ce zata nuna inda za a dosa. In sai an cika tanki yake tashi sannan ya lafa bayan an ci tafiya, matsalar a sama take, ko gasket ɗin wajen da aka ɗaura geji, ko mahaɗar wuya da tiyo, ko robar murfi ta tsage, domin wuraren nan mai baya kai musu sai tanki ya cika ko ana tangal-tangal a ramuka. In kuma kullum yana nan ko da mai ya yi ƙasa, a zargi ɗinkin walda ko kuma tiyon kansa. Nan ne ake yawan cutar masu mota, a ɗauko tiyon ruwa ko na lagireto a sa wa fetur don ya fi arha, shi kuma fetur yana ratsa irin wannan robar, zaki ga tiyon a bushe amma in aka shafa aka sansana hannu wari ne zalla, daga baya ya kumbura ya yi laushi ya fashe. Tiyon mai na gaske akwai rubutu a jikinsa, in an je kasuwar kayan mota ta Ladipo a nemi mai ɗauke da SAE J30, R7 na layi mai ƙaramin matsi, R9 na layin injekta kuma shi ya fi riƙe tururi. In kuma warin sai da rana tsaka yake zuwa musamman a gosulo, toh a duba inda bakin ƙaramin birida ya ƙare, wato siririn tiyon da tanki ke numfashi da shi bayan an rufe murfi, na sha ganin an bar shi a buɗe dab da ƙofar baya ko ƙarƙashin kujerar ƙarshe, duk tururin da zafi ya taso da shi cikin mota yake komawa. A kuma auna tazararsa da salansa, tankin da ke shan zafin salansa ba zai daina huci ba.

Hanyar gano wajen mai sauƙi ce. A wanke saman tanki da mahaɗai a bari su bushe, a barbaɗa hodar jarirai ko garin alli, a cika tanki a ɗan zaga, duk inda hodar ta jiƙe ta canja kala nan ne. A yi wannan a fili inda iska ke kaɗawa, da tocila, ba ashana ba laita ba mai sigari a kusa. In za a gwada da iska da ruwan omo, famfon keke ya isa, bugu kaɗan, kar a kuskura a jona kwamfuresar mai faci, tankin da aka ƙera da hannu mai faffaɗan gefe zai kumbura ko ya yage a ɗinki.

Abin da yasa na matsa miki, tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, baya tashi sama ya tafi, kwanciya yake a ƙasan mota, kuma in ya kai kusan kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko na wayar da ta goge ko na fiyus. Ga kuma ciwon kan da direbanki ke faɗa, wannan shaƙar tururin ne kuma yana kawo jiri da kasala, mutumin da ke ɗauke da rayukan jama'a a hanyar Ilorin cikin dare. Baki faɗa min inda aka ɗaura tankin ba, amma in har a cikin motar yake, ƙarƙashin kujera ko a but, ni ra'ayina ba gyara za a yi ba, a cire shi kawai.

TAMBAYA: Injiniya ina da Hilux mai gas, na ɗora tanki lita 200 a baya na haɗa shi da na ƙasa da tiyo don ya dinga sauka da kansa. Da safe sai in tarar gas ya malale ƙarƙashin mota, kuma gejina kullum yana kan ful. Ina aikin kai kaya ne tsakanin Apapa da Sagamu.

AMSA: Alhaji ai ka ba shi hanya ne ba tare da birki ba. Tanki na sama na ƙasa, mai zai ta sauka ne har sai ya samu abin da zai tsayar da shi, na ƙasan da bai wuce lita 76 zuwa 80 ba ya cika, ragowar ta bi ta birida ko ta murfi ta zube, dare guda kana barci kana asarar kuɗi. Gejin ma gaskiya yake faɗa, tankin da yake aunawa kullum a cike yake.

Mafi ƙarancin abin da zaka yi shi ne bawul na hannu a bakin tankin sama, kar ka buɗe sai na ƙasa ya sauka rabi, ka rufe kafin ya cika, kuma kar ka kwana da shi a buɗe. Wanda ya fi shi ne ƙaramin famfon lantarki da makunni a gaban direba da 'yar wuta mai nuna yana aiki, tiyon kuma ya fito ta saman tanki ba ta gindi ba, yadda ko tiyo ya tsinke a hanya lita 200 ba zata bi titi ba. Sai dai ka sani in tankin na sama da ɗayan, ko famfo a kashe mai na iya ci gaba da zuƙowa da kansa, don haka bawul ɗin dai yana nan, ko na hannu ko na lantarki mai rufewa in an kashe. Ka sa filta mai raba ruwa a tsakani, damshin Legas na sa tankin da ba a cike ba ya yi gumi ta ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa ya kawo tsatsa da wani baƙin kauri mai toshe filta, injin gas na zamani kuwa injektocinsa basa yafe ruwa. Kuma in da farantin galbanaiz aka ƙera tankin ka canja, gas na cin wannan rufin nasa ya tafi da shi cikin injin.

Wani abu da ya shafi masu manyan motoci, su DAF da MAN da Howo, da duk wanda ya sa bawul na zaɓen tanki. Injin gas baya ƙone duk man da ya ja, kaso mai yawa yana dawowa ta layin ritan. In bawul ɗinka layin ja kawai yake juyawa, kana ja daga tankin ƙari amma ritan na zubawa a na asali wanda dama a cike yake, ba zaka kai Berger ba ya fara ambaliya. Bawul ɗin ya zama mai baki shida, mai juya ja da ritan tare. Masu fetur kuma kar ma su fara wannan haɗin na sauka da kansa, gas sai ya ɗumama ya wuce digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili yana kamawa.

TAMBAYA: Oga motata tokumbo ce 'yar Amurka, bayan an haɗa min ƙarin tanki wutar cek injin ta kama, mai kwamfuta yace P0455, kuma in na sha mai tana wahalar tashi sai na ta ba ta wuta. Daga Idi-Araba.

AMSA: Ƙanena, motocin Amurka tankinsu a rufe yake ruf, tururi baya fita waje, akwai wani baƙin akwati cike da gawayi da ake kira kanista, shi ke tsotse tururin ya ajiye, in injin na aiki wani bawul ya buɗe a ja shi a ƙone. Kwamfutar motar kuma tana gwada ko akwai inda iska ke fita. P0455 na nufin ta ga babbar kafa, P0442 ƙarama, kuma ai dole ta gani tunda an fasa an jona tanki mai birida a buɗe. Ka fara da murfi don shi ma yana kawo wannan lambar, amma ni na fi zargin haɗin.

Wahalar tashin kuma alama ce ruwan fetur ya shiga kanistan, ko bawul ɗin nan ya maƙale a buɗe, sai injin ya shaƙe da tururi daidai lokacin da ka gama shan mai. Shi gawayin tururi aka yi shi dominsa, in ya jiƙe ya lalace, wani sa'in ya farfashe ya bi layi ya toshe, daga nan tankin asali ma ya fara katse famfo. Abin da ke jiƙa shi biyu ne, tura mai daga tankin ƙari har ya wuce ƙima, da kuma al'adar nan tamu ta jijjiga mota a gidan mai ana cewa ƙara ƙara har sai an ga mai a baki. Ku daina. Fetur na kumbura kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10, ka ɗura lita 100 daga tankin gidan mai na ƙarƙashin ƙasa mai sanyi ka shiga gosulon Ojota da rana, kusan lita guda ta ƙaru, ina zata je in baka bar mata wuri ba? In famfo ya katse karo na farko a tankin da ke lafiya, shikenan ya isa.

Wasu makanikai zasu ce a cire kanistan a toshe layin. Wutar ba zata mutu ba, warin kuma zai ƙaru. Gaskiyar magana irin wannan motar bata son ƙari na hannu, in mutum na son tanki biyu gara ya nemi wadda kamfani ya yi mata, kamar wasu Prado masu lita 87 da ƙarin 63, nan komai an lissafa shi tun daga wuya har kanista.

TAMBAYA: Malam in na juya kan tankin ƙari motar na tafiya lafiya daga nan har in wuce Ibadan, sai ta fara shaƙewa ta mutu, in na buɗe murfi sai inji fuuu, in rufe ta tashi kamar ba ita ba. An canja fiyul fam har sau biyu.

AMSA: Ɗan uwa an sa ka kashe kuɗi a banza, fam ɗin lafiyarsa ƙalau. Mai na fita iska bata shiga ta maye gurbinsa, sai fam ya dinga ja har ƙarfinsa ya ƙare, fuuu ɗin da kake ji iska ce ke ruɗawa ciki. Ka duba jikin tankin ma wataƙila ya fara lotsawa. Ƙaramin birida ne ya toshe, ko laka ko ƙura, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa in motar na daɗewa a ajiye, ko kuma an sa maka murfi marar huda a tankin da dama ta murfi aka tsara zai sha iska. In za a gyara a ɗaga bakin biridan sama sosai a lanƙwasa shi ya kalli ƙasa da 'yar filta a kai, saboda ruwan da ke cika titunan nan a watan Yuni da Yuli, tanki mai zafi in ya shiga ruwa yana hucewa ya zuƙo duk abin da ke bakin tiyon. A sa masa kuma bawul ɗin nan mai rufewa in mota ta kife.

TAMBAYA: Tankina ya tsage a ɗinki na shafa sabulu ya tsaya. Mai walda yace in juye man in kawo ya ɗan taɓa min a jikin motar ba sai an sauke ba.

AMSA: Sabulu zai kai ka gari na gaba, iyakarsa kenan, ruwan sama ɗaya zai wanke shi. Shi kuma mai waldan kar ka kai masa. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi haɗe da iska, abin da ke fashewa kenan. Sai an sauke shi, an wanke da ruwan zafi da omo an maimaita, sannan wanda ya san aikin ya cika shi da ruwa har kusa da wajen ɗinkin kafin wuta ta matso, nesa da motar. Ka tambayi kanka kuma me ya tsaga shi. Yawanci an ɗaure shi ne kai tsaye da kusoshi a shasi, shasi na murɗawa a ramuka tankin kuma ba zai iya ba, ko babu farantan da ke tare mai a ciki sai ya dinga dukan bango duk birki. A ɗaure shi da bel na ƙarfe da roba a tsakani, in ba haka ba gefen sabuwar waldar zai sake buɗewa.

TAMBAYA: Ni ban sa ba tukuna, ina zirga-zirga ne tsakanin Alaba Rago da Seme, kuma wani lokacin ina zuwa Sakkwato. Ka ba ni shawara in sa?

AMSA: Malam a hanyar Seme, wato bodar Benin, kam ban ba ka shawara ba. Tankin da aka ƙara da hannu yana cikin abubuwan da 'yan kwastan suka sani a wajen masu fasa-ƙwaurin fetur, a 2019 har hana kai mai aka yi ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, toh ko niyyarka fes take zaka sha tsayuwa da bayani. Na Sakkwato kuma ka yi lissafi da biro, ka ɗauki bambancin farashin lita tsakanin nan da can ka ninka da yawan litar, ka cire kuɗin ƙira da tiyo da bawul da famfo, ka tuna lita 100 ta fetur kusan kilo 75 ce, ta gas ta haura 80, ban da nauyin ƙarfen, wato ka rasa wajen buhu guda ko fasinja guda duk tafiya. In motarka mai gas ce kuma tafiyar kowane mako ce zai iya fitar da kansa. In mai fetur ce kuma sai jefi-jefi kake zuwa, ka sha a Ilorin ka ƙara a gaba ya fi maka sauƙi. In dai ka dage sai ka sa, ka tabbata abin kashe gobararka mai hoda ne kuma allurarsa na kan kore, ka ajiye shi inda hannunka zai kai daga kujera, ba can ƙarƙashin kaya ba.